MU LEƘA DUNIYA: Rumfar Ƙarfe a Lambun Sarkin Bafariya

A wannan wata za mu tafi ƙasar Jamus, can kudu, wajen iyakarta da Ostiriya, inda manyan duwatsu suke. A cikin wani kwari mai yawan itatuwa akwai wata ƙaramar fada, sunanta Linderhof. Ba ta da nisa da garin Oberammergau, inda mutanen gari suka saba yin wasan kwaikwayo na shan wuyar Yesu shekara goma goma, al'adar da suka fara tun 1634. Sarki Ludwig na Biyu, sarkin ƙasar Bafariya, shi ne ya gina fadar.

A kan wani tudu cikin lambun fadar akwai wata rumfar shan iska wadda ba ta yi kama da ginin Jamusawa ba ko kaɗan. Tana da tulluwa mai ruwan zinariya a tsakiya, da 'yan hasumiyoyi a kusurwoyinta huɗu, da tagogi na gilashi mai launi iri iri. Wanda ya hango ta daga nesa sai ya ce wani ɗan masallaci ne aka ɗauko daga ƙasar Larabawa. Amma ƙashin ginin duka ƙarfe ne, kuma a Jamus aka yi shi. Wannan rumfa ta zauna a ƙasashe uku kafin ta sami wurin hutawa, kuma manyan mutane biyu da suka saye ta bashi ne ya kā da su. Ga yadda labarin yake.

Yadda ake zubin ƙarfe

Kafin mu shiga labarin mutanen, bari mu fara da ƙarfen. Maƙerinmu na baƙi yakan sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, sa'an nan ya ɗora shi a kan uwar maƙera ya yi ta dukansa har ya zama fartanya ko gatari. Ƙarfen zubi dabam yake. Shi narkar da shi ake yi cikin babban tanderu har ya zama ruwa. Sai a sassaƙa siffar abin da ake so da itace, a danna ta cikin yashi mai danshi, a cire, a tsiyaya ruwan ƙarfen cikin gurbin da ta bari. In ya huce, sai a fasa yashin a ɗauki abin. Wanda ya taɓa tsayawa wurin masu zubin tukwane a kasuwa ya riga ya ga irin wannan aiki, sai dai na Turai ya fi girma nesa.

Amfanin wannan dabara shi ne, in an sha wahalar sassaƙa siffa guda mai ado, ana iya zuba irinta ɗari ba tare da an sāke sassaƙa ba. Ƙarfen zubi yana ɗaukar nauyi ƙwarai in aka tsai da shi kamar ginshiƙi. Amma yana da gautsi, gama akwai gawayi da yawa a jikinsa, wajen kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Ba ya tanƙwaruwa, sai dai ya karye.

A Ingila ne wannan sana'a ta bunƙasa. A 1709 wani mutum mai suna Abraham Darby ya gano yadda za a narka ƙarfe da kwal da aka gasa maimakon gawayin itace, sai ƙarfe ya yi araha. A 1779 jikansa ya kafa gada ta ƙarfen zubi a kan kogin Severn, tana nan har yau. A 1851 kuma aka yi wani ƙaton gida na ƙarfe da gilashi a birnin Landan domin baje kolin duniya na fari. Da aka gama bikin, sai aka kwance shi aka kai wata unguwa aka sāke ɗaurawa. Daga nan mutane suka gane cewa ana iya yin gida gunduwa gunduwa a ma'aikata, a sa a jirgi, a kai wata ƙasa, a ɗaure da noti. Rumfarmu irin wannan gini ce.

Mutumin da ya zana ta

Sunansa Carl von Diebitsch, an haife shi a 1819, a Berlin kuma ya yi aikinsa. Yana saurayi ya yi tafiya ta shekaru zuwa ƙasashen kudu, har ya kai ƙasar Sifen. A birnin Garanada ya ga fadar Alhambra, wadda sarakunan Musulmi na Andalus suka gina kafin mulkinsu ya ƙare a 1492. Adon bangayen ya shiga ransa. Ya zauna watanni yana aunawa, yana zanawa a takarda, har hannunsa ya saba da irin wannan ado. Da ya koma gida, sai ya yi tunani, ya ce abin da magina na dā suka yi shekaru suna sassaƙawa da hannu, yanzu ana iya zuba shi a ma'aikata cikin 'yan makonni, a sayar wa duk mai so.

Sana'arsa ta kai shi har Masar. A lokacin Isma'ila Basha yake mulkin ƙasar, yana kuwa gina fada a tsibirin Jazira cikin kogin Nilu a Alƙahira, domin saukar manyan baƙin da za su zo bikin buɗe mashigin ruwa na Suwez. Diebitsch ya zana barandar ƙarfe mai bakuna masu ado domin wannan fada. Aka zuba ƙarafan a ma'aikatar Lauchhammer a Jamus, aka kawo su ta teku, aka harhaɗa a Alƙahira. Ku duba abin mamaki: adon Larabawa ne, Bajamushe ya koyo shi a Sifen, ya zuba shi a Jamus, ya komo ya sayar wa Larabawa.

A 1867 sarkin Faransa, Napoleon na Uku, ya kira babban baje kolin duniya a birnin Faris. Aka buɗe a watan Afrilu, aka rufe a farkon Nuwamba. Miliyoyin mutane suka je kallo, har da sarkin Rasha, da Sarkin Musulmi na Istambul, da Isma'ila Basha na Masar. Ƙasar Furusiya, wadda Berlin ce babban birninta, ta kai kaya iri iri. Biyu daga ciki sun ja hankalin jama'a. Ɗaya wata ƙatuwar igwa ce ta ma'aikatar Krupp, nauyinta wajen tan 50. Ɗayan kuwa ita ce rumfar Diebitsch, wadda aka kafa a cikin lambun wurin bikin. Shekara uku bayan haka sojojin Furusiya suka komo suka kewaye Faris da yaƙi.

Turawa suka kira rumfar da suna kiosk. Kalmar daga bakin Turkawa suka aro ta, su kuma daga Farisawa, ma'anarta ɗakin shan iska cikin lambu. Daga baya ne sunan ya koma kan 'yan ƙananan shagunan bakin titi.

Diebitsch bai daɗe ba bayan wannan. Ya rasu a Alƙahira a 1869 yana da shekara 50, 'yan watanni kafin a buɗe mashigin Suwez a watan Nuwamba na shekarar.

Mai saye na fari: sarkin jirgin ƙasa

Wanda ya fara sayen rumfar wani attajiri ne mai suna Bethel Henry Strousberg, an haife shi a 1823. Ba ɗan masu arziki ba ne. Ya yi ƙuruciyarsa a Landan yana 'yan ƙananan ayyuka, sa'an nan ya komo Berlin ya shiga kwangilar shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Cikin shekaru kaɗan ya zama ɗaya daga cikin manyan masu kuɗin Jamus. Yana da ma'aikatar ƙera kan jirgi a Hanover, da ramukan haƙar ma'adini, da gonaki, da dubban ma'aikata. Mutane suka sa masa laƙabi, sarkin jirgin ƙasa.

Dabararsa ita ce, maimakon a biya masu aikin da tsabar kuɗi, sai a biya su da takardun hannun jari na hanyar da ba a gama ba tukuna. Muddin mutane suna ɗokin sayen takardun, kome yana tafiya daidai. Ran da suka daina saye kuwa, ba abin da zai riƙe ginin.

A 1868 ya sayi wata tsohuwar fada da ƙasarta duka a Zbiroh, cikin Bohemiya, tsakanin Prag da Pilsen, inda yanzu ake kira Jamhuriyar Cek. A lambun wannan fada ya sa aka kafa rumfar. A shekarar nan kuma ya karɓi babbar kwangila a ƙasar Romaniya. Ita ce ta fara tona shi, gama a farkon 1871 ya kāsa biyan kuɗin ruwan da ya yi wa masu ba shi rance alkawari. A 1873 kasuwar hannun jari ta faɗi a Ostiriya da Jamus. A 1875 ya karye ƙwaf. Aka kama shi a ƙasar Rasha saboda wani bankin Mosko da ya ba shi rance mai yawa, bankin kuwa ya rushe da kuɗin mutane a ciki. Daga baya aka kore shi daga Rasha, ya komo Berlin. Babban gidansa na birni ya zama ofishin jakadan Ingila. Shi kuwa ya mutu a 1884 cikin talauci. Masu iya magana sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Mai saye na biyu: sarkin Bafariya

An haifi Ludwig a 1845, ya hau gadon sarauta a 1864 yana da shekara 18. Shekara biyu bayan haka ƙasarsa ta goyi bayan Ostiriya a yaƙi da Furusiya, aka ci su. A 1871 Bafariya ta shiga cikin sabuwar daular Jamus, ikon gaske kuwa ya koma Berlin. Sarki Ludwig ya ji zafin wannan ƙwarai. Tun daga nan ya riƙa guje wa birnin Munik da taron fadawa, ya koma cikin duwatsu ya ba da ƙarfinsa ga gine-gine. Ya fara fadar Neuschwanstein a 1869, ya fara wata a kan tsibirin Herrenchiemsee a 1878. Linderhof ita ce mafi ƙanƙanta, ita kaɗai kuma ya ga ƙarewarta da idonsa.

Shi ma ya je baje kolin Faris a 1867. Da kayan Strousberg suka shiga hannun masu bin bashi, sai sarki ya aika aka sayo rumfar a 1876. Aka kwance ta a Bohemiya, aka kawo ta Bafariya, aka sāke ɗaura ta a Linderhof. Amma adonta bai ishe shi ba. Ya sa aka ƙara mata wani lungu daga baya, aka rataya babbar fitila mai rassa ta gilashi, aka kafa maɓuɓɓugar ruwa ta dutsen marmara a tsakiya. A cikin lungun aka ajiye gadon da aka ƙera a Faris a 1877, wanda ake kira Gadon Ɗawisu. Ɗawisu uku na ƙarfe suna tsaye kewaye da shi, sun baza wutsiyoyinsu, an jera musu gilasai masu launi kamar duwatsu masu daraja.

A nan sarki yakan zauna ya yi karatu, ya sha shayi. Barorinsa kuma sai a sa musu tufafi irin na mutanen gabas, su zazzauna suna shan tukunyar taba mai ruwa, domin sarki ya ji kamar yana wata ƙasa mai nisa. Bai taɓa yin aure ba, gama ya fasa auren da aka shirya masa a 1867. Yakan yi barci da rana, ya tashi da dare. A cikin fadar ma akwai wani tebur wanda ake saukar da shi ta ƙasan ɗaki zuwa wurin masu dafuwa, a jera abinci, a sāke turo shi sama, don kada sarki ya ga fuskar kowa sa'ad da yake ci.

Ba daga baitulmalin ƙasa yake gine-ginen nan ba, daga kuɗin da aka yanka wa gidan sarauta ne. Da suka ƙare sai ya shiga cin bashi. Kafin ƙarshen 1885 bashin ya kai wajen mak miliyan 14, mak kuwa shi ne kuɗin Jamus na lokacin. Ministocinsa suka roƙe shi ya tsai da gini, ya ƙi. Ya ce su nemo masa wani rancen, in ba haka ba ya sallame su. Masu bin sa bashi kuma suka fara maganar kai ƙara kotu. A watan Yuni 1886 likitoci huɗu suka sa hannu a takarda cewa sarki ya taɓu, ko da yake ba su zauna sun duba shi ba. Aka tuɓe shi, aka ba ƙanen ubansa Luitpold riƙon ƙasa. Ran 12 ga Yuni aka kai shi wani gida a bakin tafkin Starnberg. Kashegari da yamma ya fita yawo tare da babban likitan, Dokta Gudden, ba su komo ba. Da dare aka tsamo gawarsu su biyu daga cikin ruwa. Shekarar sarki 40. Har wa yau Jamusawa suna gardama a kan yadda abin ya faru.

Isma'ila Basha na Masar, wanda Diebitsch ya yi wa barandar ƙarfe, shi ma haka ta same shi. Bashi ya sa ya sayar wa Ingila hannun jarinsa na mashigin Suwez a 1875 a kan fam miliyan 4. A 1879 aka tuɓe shi. Fadarsa ta Jazira ta koma masaukin baƙi, har yau kuwa otal ce.

Rumfar a yau

Ran 1 ga Agusta 1886, mako bakwai bayan mutuwar sarki, aka buɗe fadojinsa ga duk wanda zai biya kuɗin shiga. Mutumin da bai so ko bawansa ya gan shi yana cin abinci ba, ga baƙi suna leƙa ɗakin kwanansa. Danginsa suka yi shekara sama da goma suna biyan bashin da ya bari. Sarautar Bafariya ta ƙare a 1918, yanzu gwamnatin jihar ce take lura da wuraren. Dubban ɗaruruwan mutane suna zuwa Linderhof kowace shekara. A watan Yuli 2025 hukumar UNESCO ta sa fadojin Ludwig cikin jerin kayan tarihi na duniya.

Rumfar tana nan a kan tudunta, ta haura shekara 150 da yi. Ba banza ta kai haka ba. Babban abokin gāban ƙarfe shi ne tsatsa, wurin kuwa akwai ruwan sama da dusar ƙanƙara da yawa. In damuna da sanyi suka sami wata 'yar kafa inda fenti ya ɓare, daga nan ɓarna take farawa. Saboda haka akan rufe rumfar lokacin hunturu, masu gyara kuma suna bin ta a kai a kai.

Abin da za mu ɗauka

Wani zai ce, to, ai ga shi bashin sarki ya zama alheri, tun da mutanen yankin suna cin abinci da baƙin da suke zuwa kallo. Gaskiya ne suna ci. Amma shi bai ga wannan riba ba, sarautarsa ma ya rasa. Waɗanda suka zuba ɗan abin da suka tara a hannun Strousberg kuwa, ba wanda ya sāke tunawa da su. Mu kuma in muka ci bashi domin biki, ko domin kujerun da suka fi na maƙwabci, ba wanda zai zo ya biya kuɗin kallo a ƙofarmu. 'Ya'yanmu ne za su biya, wani lokaci ma da kuɗin makarantarsu. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Haka ne, amma akwai bambanci tsakanin rancen taki ko na keken ɗinki, wanda zai haifi abin biyan kansa, da rancen ado. Mutanen nan uku ba rashin samu ne ya kā da su ba. Kowannensu ya fara sabon gini tun bai biya na baya ba. Maigida da uwargida su zauna tare su yi lissafi kafin a tona harsashi. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Na biyu, samari su dubi Diebitsch. Ya tarar da aikin mutanen da ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba, bai raina ba. Ya zauna ya koya da haƙuri, abin da ya koya kuwa ya ciyar da shi har ƙarshen ransa. Cikin mutanen labarin nan duka, shi ne mafi ƙarancin dukiya, amma aikin hannunsa ne ake zuwa kallo a Jamus da Masar.

Na uku, rumfa domin zama tare ake yinta. Sarki ya mallaki wadda ta fi kowace kyau, amma waɗanda suke zaune da shi a ciki ma'aikata ne da aka sa wa kayan aro. Da yana da ko mutum ɗaya a kusa wanda zai faɗa masa gaskiya ya kuma ji, wataƙila da labarin bai ƙare a bakin tafki ba. In akwai rumfar kara a tsakar gidanku inda yara suke zuwa su zauna kusa da iyayensu bayan cin tuwon dare, ku riƙe ta da kyau, kada aiki ko neman kuɗi ya hana ku zama a cikinta.

Tambayoyi domin hira a gida

1. Mene ne bambancin aikin maƙeri da aikin mai zubin ƙarfe?
2. A waɗanne ƙasashe uku ne aka kafa wannan rumfa?
3. Me ya sa dabarar Strousberg ta rushe bayan 1873?
4. Akwai wani abu a gidanmu da muke bari yana lalacewa don rashin ɗan gyara? Wa zai ɗauki nauyinsa a wannan wata?